Birin da Jirgi Ya Sauke da Tsuntsun da Ya Tarar

A kudu maso gabas da Ankara ta Gana, can cikin tekun da ake kira Mashigin Gini, akwai tsibirai biyu waɗanda Allah Ya fitar daga ƙarƙashin ruwa ta hanyar aman wutar duwatsu, ga su kuma da nisan fiye da kilomita 200 daga gaɓar Afirka, ba su taɓa haɗuwa da ita ba tun da aka halicce su. Babban shi ne Sawo Tome, ƙaramin kuwa Firinsife, wanda faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 140 da 'yan kai ba, su biyun kuma ƙasa ɗaya ce tun da suka karɓi mulkin kansu daga hannun Fotugal a shekarar 1975. Sa'ad da matuƙan Fotugal biyu, Joao de Santarem da Pero Escobar, suka iske su wajen shekarar 1470, ba su tarar da ɗan Adam ko guda ba, sai kurmi baƙi ƙirin tun daga bakin ruwa har ƙwanƙolin duwatsu, da tsuntsayen da ido bai taɓa gani ba. Waɗannan matuƙa su ne dai suka sauka Shama, a gaɓar ƙasarmu, cikin 1471, suka ga zinariya a hannun mutane, abin da ya jawo gina gidan Elmina a 1482. Saboda haka tarihin tsibiran nan da namu igiya ɗaya ce ta ɗaure su tun daga farko, ko da yake mu mutanen zangunan arewa ba kasafai muke jin sunansu ba sai in an yi wasan ƙwallo.

Masana halittu sun ƙidaya jinsunan tsuntsaye wajen 28 waɗanda ba a samun su ko'ina a bayan ƙasa sai a waɗannan tsibirai, adadin da ya isa abin al'ajabi idan aka dubi ƙanƙantar wurin. Wannan keɓantaka kuwa, wadda ita ce darajarsu, ita ce kuma asalin rauninsu. Duk wanda ya taɓa kiwon zabi a ƙasar Bawku ko Garu ya san irin tsarguwar da ke jinin zabuwa: takan ɓoye ƙwanta cikin ciyawa nesa da gida, idan ta ga an gano wurin ta ƙaurace masa, inuwar shirwa kaɗai ta isa ta sa 'ya'yanta su lafe a ƙasa kamar ba rai, da dare kuma ba ta yarda ta kwana sai a reshe. Ba wanda ya koya mata wannan a gidan mai kiwo. Gado ne na dubban shekaru da kakanninta suka yi suna zaune da muzuru da tunku da dila da maciji, wadda ta yi sakaci aka cinye ta, wadda ta yi hattara ta bar zuriya. Tsuntsun tsibiri bai sha wannan horo ba, domin ƙasar da ya tashi a cikinta, in ban da jemagu da wasu 'yan jaba, ba ta da dabba mai shayarwa ko ɗaya. Sai ya saba da kiwo a ƙasa ba waige, ya saba da yin sheƙa inda hannu ke kaiwa, ya rage yawan ƙwan da yake yi tun da ba mai ɗebe masa, wasu jinsunan ma a wasu tsibirai har suka bar tashi sama ɗungum.

Cikin irin wannan aminci jiragen ruwa suka shigo. A 1493 Alvaro Caminha ya kafa zama na dindindin a Sawo Tome, aka sare kurmin bakin teku aka dasa rake, aka riƙa kwaso bayi daga Binin da Kwango don su noma shi, har tsibirin ya zama zangon da ake tara bayin Allah kafin a wuce da su gaba, wasu ƙetaren teku, wasu kuma, abin da da yawa ba su sani ba, zuwa Elmina a musanya su da zinariya. Mu da muka san Salaga, muka san rijiyoyinta da filin da aka riƙa tsayar da mutane ana taya su, muka kuma san harajin bayin da Gwanja da Yandi suka riƙa biyan Asante har zuwa 1874, ba ma bukatar a yi mana dogon bayanin wannan fatauci da baƙin cikinsa. Abin da ya shafi zancenmu a yau shi ne, jiragen nan ba mutane kaɗai suka sauke ba. Ɓera ya bi buhunan guzuri ya sauka ba da izinin kowa ba. Kyanwa ta zo don ɓeran, kare don tsaro, alade don nama, ko wanne kuwa daga baya ya sami waɗanda suka ɓalle suka shiga daji. Aka kawo jibda, dabbar nan da mutanen Kano suka daɗe da sani suna tsare ta a keji suna kwasar turarenta. Sa'an nan aka kawo biri, irin wanda ake kira mona, mai farin ƙirji da jan baya, wanda asalin mazauninsa kurmin da ya tashi daga kogin Volta ya nausa gabas har Kamaru. Matuƙa sun kasance suna sayen birai da akuna a bakin teku don nishaɗi ko sayarwa, shi ya sa har yau ake samun wannan biri a tsibirin Giranada, can cikin tekun Karibiyan, inda ba abin da zai kai shi in ban da jirgin bayi.

Bayan rake sai gahawa da koko. Koko ya shiga Firinsife cikin shekarun 1820, ya bazu, har a farkon ƙarni na 20 wannan 'yar ƙasa ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Daga maƙwabcin tsibiri kuma, Fanando Po, Tetteh Quarshie ya ɗauko irin da ya dasa a Mampong ta Akwapim, wanda ya zama arzikin Gana. Gandayen koko suka cinye duk inda ƙafa ke iya hawa, tsuntsayen asali suka ja da baya zuwa kudancin tsibiran, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa kuma kwazazzabai suka hana gatari shiga. Can suka ɓuya, har duniya ta fid da rai da wasunsu. Ƙaramin jinjimin Sawo Tome, wanda mutanen wurin ke kira galinyola, tun 1928 ba masanin da ya sake sa shi a ido sai 1990. Wani mai kaurin baki, dangin kanari, samfuri uku kacal aka sani nasa, waɗanda Francisco Newton ya tara a ƙarshen ƙarni na 19, sai a 1991 aka gan shi da rai. A 2006 gwamnati ta keɓe ragowar kurmin ta mai da shi gandun Obo, a 2012 kuma hukumar UNESCO ta sa Firinsife cikin wuraren da take ba kariya ta musamman. Wannan mataki ya yi amfani wajen tsai da masu sara. Biri da ɓera kuwa suna cikin gandun tun kafin a shata iyakarsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi cikinsu shi ne tordo na Firinsife. Tsuntsu ne da bai kai kurciya cika ba, bayansa ruwan ƙasa mai duhu, ƙirjinsa da zane-zane kamar ɓawon kifi, baki da ƙafafu rawaya. A ƙasa yake yawancin kiwonsa, yana juya busassun ganye da baki yana tsince tsutsa da katantanwa da 'ya'yan itacen da suka faɗo, idan kuma mutum ya tunkaro shi sai ya tsaya yana kallo, wani lokaci ma ya matso. Wani Ba'italiye, Leonardo Fea, shi ya fara kamo shi, aka rubuta sifarsa a 1901. Jose Correia ya sake samun kaɗan a 1928. Daga nan shiru har 1997. An daɗe ana zaton ƙane ne kawai ga wani mai kama da shi na Sawo Tome, sai a 2010 Martim Melo da abokan aikinsa suka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa, kuma da aka yi masa ƙidaya sai aka sa shi a matakin ƙarshe kafin ƙarewa, ana ƙiyasin manyansa ba su kai 250 ba. Duk duniya ke nan, adadin da bai cika sahun masallacin Juma'a na ƙaramin gari ba.

Da farko an fi ɗora laifin a kan masu shiga daji, watau maharba da masu tsintar babbar katantanwar Obo da masu ɗebo 'ya'yan aku, waɗanda kan jefe tsuntsun don abin miya saboda sauƙin kamunsa, kuma lalle akwai gaskiya a ciki, don an lura ba ya yawa sai inda sawu ya yi ƙaranci. Amma sai ma'aikatan wata ƙungiya ta tsibirin, Fundasawo Firinsife, tare da masana daga waje, suka ɗaura kyamarori a jikin itatuwa, irin masu ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gifta, suka sa ido a kan sheƙa ta gaskiya, suka kuma ƙera sheƙun bogi suka zuba ƙwai a ciki don su ga wa zai zo. Abin da suka gani suka buga shi a mujallar Oryx cikin 2021, hukuncinsu kuwa shi ne birin mona yana cikin manyan abubuwan da ke neman ƙarar da wannan tsuntsu. Wanda ya san biri ba zai yi mamaki ba. Yana hawa inda kyanwa ba ta hawa, yana da yatsun da ke shiga kogon itace, yana tafiya garke-garke yana binciken ko wane reshe, ga shi kuma da riƙon wuri, inda ya taɓa samun ƙwai sai ya koma.

To, a nan ne al'amarin ya zo kusa da gida. A ƙauyen Tafi Atome na jihar Volta, wannan biri ɗin dai, jinsinsa da kamanninsa, abin girmamawa ne. Mutanen garin sun gaji haramcin taɓa shi daga kakanninsu, sun keɓe masa kurmi, baƙi na zuwa daga nesa su miƙa masa ayaba ya karɓa a hannu, garin kuma yana samun abin masarufi ta dalilinsa. A can kuwa ba ya ƙarar da tsuntsun kowa, domin tsuntsayen kurminmu sun san shi kamar yadda ya san su, ga gaggafa a sama tana rage shi. A Firinsife babu gaggafar da ke cin biri. Halinsa bai sauya ba, cikinsa yake nema wa abinci kamar yadda aka halicce shi. Mizanin da Mahalicci Ya daidaita ko wace halitta a kansa cikin mazauninta, shi ne hannun ɗan Adam ya karkatar ranar da ya sauke shi a inda ba a ajiye masa abokin gaba ba. Ni a ganina wannan shi ne jigon mas'alar duka, kuma daga gare shi ne wajibcin gyara ya hau kan mutane, domin wanda ya yi sanadin ɓarna shi shari'a ke bi da ramuwa, ko da bai yi nufinta ba.

Abin da ake tsoro a Firinsife ya riga ya auku a wurare da yawa, har ma mafi yawan tsuntsayen da suka ƙare a duniya tun daga shekarar 1500 na tsibirai ne. A wani ɗan tsibiri na Niyu Zilan mai suna Stephens, an gina hasumiyar haska wa jirage hanya a 1894, kyanwoyin ma'aikata suka yaɗu, cikin kamar shekara guda wani ɗan tsuntsu marar tashi ya shuɗe har abada. A tsibirin Lord Howe na Ostareliya, jirgin Makambo ya kafe a 1918, ɓeraye suka fita, jinsunan tsuntsaye biyar suka tafi. Mafi muni shi ne Guwam, inda wani maciji mai hawan itace ya shigo cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya share goma daga cikin jinsuna goma sha biyu na tsuntsayen kurmin, har dajin ya yi tsit, gizo-gizo ya yi yawa don ba mai cinsa, itatuwa suka rasa mai watsa musu iri. Yau a can sai an cusa ƙwayar farasitamol a cikin matattun ɓeraye a sako su daga jirgi mai saukar ungulu su maƙale a rassa, macijin ya haɗiya ya mutu, duk da haka ba a ga bayansa ba.

Dabarar farko da mutane suka yi tunani, wadda kuma ta fi kowace jawo nadama, ita ce a kawo wata dabba ta ci wadda ta addabe su. Masu gonakin rake na Hawai sun shigo da tunku a 1883 don ya kashe ɓera, alhali tunku da rana yake farauta ɓera kuwa da dare, sai suka raba aiki, ɗaya ya ci ƙwan tsuntsaye da hantsi ɗaya ya ci da tsakar dare. Japan ta maimaita wannan kuskure a tsibirin Amami cikin 1979 don maganin wani mugun maciji, sai da aka shafe shekaru fiye da ashirin ana ɗana dubban tarkuna kafin hukuma ta iya shelar ƙarewar tunkun a watan Satumba na 2024.

Dabara ta biyu ita ce a share baƙon gaba ɗaya, kada a bar ko mace ɗaya mai ciki. Wannan ta ci nasara a ɗaruruwan tsibirai, musamman ƙanana waɗanda ba kowa a kansu. A Lord Howe ɗin nan, wanda ke da mazauna 'yan ɗaruruwa, sai da aka yi shekaru ana gardama, aka jefa ƙuri'a masu goyon baya suka yi rinjaye da ƙyar, kana a 2019 aka baza maganin ɓera ta sama da ta ƙasa, bayan an kama kajin dajin tsibirin an killace su kada su ci gubar. Da aka sake su, cikin 'yan shekaru suka tashi daga ɗari biyu da wani abu suka haura 1,000. Amma aikin yana da sharaɗin tsari, wanda in an saɓa masa gyara kan koma ɓarna: a tsibirin Macquarie an gama da kyanwoyi a shekarar 2000, sai zomayen da kyanwoyin ke ragewa suka yi ambaliya suka cinye ciyawar tsibirin, dole aka sake sabon yaƙi da zomo da ɓera har 2014. Wanda ya kashe jibda da kyanwa a Firinsife ya bar ɓera, ya ƙara wa tsuntsun maƙiyi ne. Share biri daga kurmi mai duwatsu da kwazazzabai irin wancan kuwa, inda mutane ke zaune da awakinsu da karnukansu, wasu ma naman birin na cikin abincinsu, abu ne da ban ga hanyarsa ba a wannan zamani, kuma ba na so a yaudari kowa da alkawarinsa.

Kafin in faɗi abin da nake ganin zai yiwu, akwai shubuhar da ya wajaba a tsaya a kanta, don na san mai karatu mai tsoron Allah zai tayar da ita: da wane haƙƙi za a kashe dubban rayuka don a raya ɗaruruwa, alhali dukansu bayin Allah ne marasa laifi? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na jin daɗin masu amsa ta da gatse. Game da ɓera malamai ba su yi saɓani ba, yana cikin dabbobin nan biyar da aka halatta kashewa ko a cikin Harami saboda cutarwarsu. Kyanwa da biri kuwa hukuncinsu ya fi tsauri, mun kuma san azabar da aka ambata ga matar da ta tsare kyanwa ta hana ta ci har ta mutu. Sai dai malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa cuta gusar da ita ake yi, idan kuma cuta biyu suka haɗu ba makawa, a ɗauki mai sauƙin a guje wa mai tsananin. Birin da aka rage a kudancin Firinsife yana da 'yan uwa birjik daga Volta har Kamaru, asararsa asarar ɗaiɗaiku ce wadda haihuwa ke mayarwa. Tordo kuwa in ya tafi, an shafe aya guda daga ayoyin halitta, wadda duk sarakunan duniya in sun taru ba za su iya dawo da ita ba. Wannan hujja ta ishe ni. Amma ta zo da sharuɗɗanta, waɗanda su ma daga shari'a suke: a tsaya gwargwadon larura, a kyautata kisan kada a azabtar, a duba tarko kullum kada dabba ta kwana biyu tana kakari a cikinsa, kada kuma a mai da abin wasan yara ko gasar harbi.

Akwai kuma sharaɗin tabbatarwa kafin zartarwa, wanda Sawo Tome kanta ta ba da darasinsa. Shekaru da yawa kowa ya yarda cewa baƙin kumurcin tsibirin, wanda suke kira kobra pireta, Turawa ne suka kawo shi don ya ci ɓerayen gonaki, har ana maganar a kawar da shi a matsayin baƙo. Sai a 2017 Luis Ceriaco da abokansa suka binciki jininsa da tsofaffin rubuce-rubucen matafiya, suka nuna ɗan ƙasa ne tun asali, jinsi ne da babu irinsa ko'ina, aka raɗa masa sunan matuƙin nan Pero Escobar. Da an yi gaggawa, da masu neman ceton halittun tsibirin da hannunsu sun hallaka ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya rage, wanda kuma nake ganin shi ne hanyar Firinsife, shi ne tsaro na dindindin a wuri ƙayyadadde, misalinsa mafi kyau kuwa yana Rarotonga, cikin tekun Fasifik. Can akwai ɗan tsuntsu mai suna kakerori, wanda a 1989 saura 29 suka rage saboda ɓera na cinye ƙwansa. Tsibirin ya fi ƙarfin sharewa, saboda haka aka zaɓi kwarurukan da tsuntsun ke haihuwa, aka yanka 'yan hanyoyi a cikinsu, aka jera bututun guba a kan tazara, ko wace shekara kuma, daga watan Satumba har a gama ƙyanƙyasa, mutane su bi hanyoyin nan da ƙafa, cikin ruwa da santsi, su buɗe ko wane bututu su ga an ci ko ba a ci ba, su zuba sabo, su naɗa faifan ƙarfe a gindin itacen da ke da sheƙa don farcen ɓera ya zame. Kafin 1995 ta wuce tsuntsayen sun haura 100. A 1996 aka damƙa ragamar wurin, mai faɗin hekta 155, a hannun dangogi uku masu ƙasar, daga 2001 zuwa 2003 kuma aka ɗebi 30 aka kai tsibirin Atiu don kada guguwa ɗaya ta tafi da duka. Aiki ne marar ranar gamawa; shekarar da aka yi sakaci, ɓera ya dawo.

Irin wannan aiki baƙo ba ya iya shi, komai iliminsa, domin shi wata uku yake yi ya koma jami'arsa. Sai ɗan ƙasa, kuma mafi cancanta cikinsu shi ne wanda jiya ake kira maɓarnaci. Akwai wani mutumin Firinsife, Ceciliano do Bom Jesus, wanda aka fi sani da Bikegila, da can sana'arsa hawan manyan itatuwa ya ɗebo 'ya'yan aku daga kogo don sayarwa. Shi ya gaya wa masana cewa an taɓa tarar da wani tsuntsu mai manyan idanu a kogo maimakon aku. Ya yi shekaru yana yi musu jagora cikin dare suna bin wani kuka, har aka ɗauki hoton 'yar mujiyar a 2016, a 2022 kuma aka bayyana ta ga duniya da sunansa, shi kuwa ya riga ya bar tsohuwar sana'a ya zama mai gadin gandu. Ilimin da ya yi ɓarna da shi, da shi yake tsaro yanzu. Mu a Gana mun san abin da ke faruwa idan ba a sami irin wannan juyi ba, don binciken da Nathaniel Annorbah ya jagoranta ya nuna ƙasarmu ta rasa tsakanin kashi 90 da 99 cikin ɗari na akunanta tun daga 1992, saboda fatauci da saran manyan itatuwa. Mun kuma san abin da ke faruwa idan an samu: tsuntsun nan mai sanƙo da ke gina sheƙar laka a jikin duwatsun kurmi, wanda aka yi zaton ya ƙare a Gana tun shekarun 1960 har aka sake ganinsa a 2003, yau mutanen ƙauyen Bonkro ne ke tsaronsa suna kai baƙi su gan shi.

Mu kuma da muke wannan gefen ruwa akwai rabonmu na aikin, tun da daga gaɓarmu baƙin suka tashi, kuma har gobe suna tashi. Babbar katantanwar nan ta Afirka ta Yamma da ake sayarwa a kasuwannin kudu, cikin ƙarnin da ya wuce aka kai ta tsibiran don abinci, ga shi ta mamaye gonaki yayin da ta asali ke ja da baya cikin kurmi. Faifan ƙarfen da ake sa wa igiyar ɗaure jirgi a Tema ko Takoradi don kada ɓera ya hau, da binciken kaya kafin a rufe kwantena, da hana matafiyi ɗaukar dabba mai rai ba takarda, duk araha ne idan aka gwada da kuɗin fitar da baƙo bayan ya hayayyafa. Tunku bai shiga Firinsife ba tukuna, kuma tsuntsu mai kiwo a ƙasa irin tordo ba zai jure shigarsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tordo ba shi da Atiu. Duwatsun da ke kewaye da Firinsife, irin su Tinyosa inda tsuntsayen teku ke taruwa, ƙanana ne ƙwarai, ba su da irin kurmin da zai riƙe shi, kai shi Sawo Tome kuwa kai shi ne wurin birai ɗin dai da ɗan uwan da zai yi gogayya da shi. Saboda haka duk abin da za a yi masa, a cikin 'yan kwarurukan nan na kudu za a yi shi: a gano itatuwan da yake sheƙa, a rage birai da ɓeraye a kewayensu lokacin ƙwai, a ɗauki maharban tsibirin da suka san hanyoyin garkunan aiki da albashi, a ci gaba da ƙidaya ko wace shekara don a san ko ana ci gaba ko ana ja baya. Ƙasar kuwa matalauciya ce, mutanen Firinsife duka ba su kai dubu goma ba, kuɗin irin waɗannan ayyuka yawanci daga waje yake zuwa da wa'adin shekara uku ko biyar, alhali mutanen Rarotonga sun haura shekara talatin suna bin bututunsu. Wanda duk zai ba da taimako, gwamnati ce ko ƙungiya ko attajiri, ya kamata ya ba da shi da siffar waƙafi, wanda ake cin amfaninsa asalinsa na nan, domin albashin mai gadin ya riƙa fita ko a shekarar da jaridu suka manta da tsuntsun.